Mozilla: Su wa ke amsa koke-koken masu amfani da Firefox?

Kamfanin Mozilla na Amurka, mai manhajar shiga intanet ta Firefox, ya shafe fiye da shekaru 20 yana dogaro da mutanen da ba ya biyansu ko sisi wajen fassara manhajarsa da kuma amsa tambayoyin masu amfani da ita.

Daga lokaci zuwa lokaci kamfanin kan gayyaci wasu daga cikin waɗannan mutane zuwa manyan taruka, ya biya musu kuɗin jirgi da masauki, su zauna da injiniyoyinsa na wasu kwanaki.

Wannan tsari shi ke tantance harsunan da ake samun taimako da su, da waɗanda ba a samu. Don haka batun ya shafi mai riƙe da wayar salula a Riko ko Magama da ke ƙaramar hukumar Jibiya a jihar Katsina, ko da kuwa bai taɓa jin sunan kamfanin ba.

Kafin a yi nisa akwai buƙatar gyara wata kalma. A Jibiya da Batsari da maƙwabtansu, idan aka ce 'yan sa-kai, hankali kan tafi ne ga masu ɗaukar makami suna gadin gari. Waɗanda ake nufi a nan masu aikin sa-kai ne na wani fanni dabam: ɗalibai da malamai da ma'aikata da 'yan fansho, waɗanda ke ba da sa'o'insu kyauta a gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa.

Asalin Mozilla

Labarin ya faro ne daga kamfanin Netscape, wanda manhajarsa ta mamaye intanet a tsakiyar shekarun 1990, kafin Microsoft ya ƙwace kasuwar da Internet Explorer.

Da wuya ta yi wuya, a ranar 31 ga watan Maris na 1998 Netscape ya buɗe asalin rubutun manhajarsa ga duniya, ya ce kowa na da damar dubawa, ya gyara, ya kuma rarraba. An raɗa wa aikin suna Mozilla.

A watan Yulin 2003 aka kafa Gidauniyar Mozilla, wadda ba ta neman riba, bayan da kamfanin AOL da ya sayi Netscape ya janye hannunsa tare da alƙawarin ba da dala miliyan 2. Lauya Mitchell Baker ce ta jagoranci gidauniyar.

Firefox ta farko ta fito ne ranar 9 ga watan Nuwamban 2004. A watan Disambar shekarar, magoya bayanta suka yi karo-karo suka sayi shafuka biyu na jaridar New York Times domin tallata ta, aka kuma buga sunayen dubban waɗanda suka ba da gudummawa a cikin tallar.

A 2005 gidauniyar ta kafa wani kamfani a ƙarƙashinta domin ya riƙa ɗaukar ma'aikata da ƙulla yarjejeniyoyin kasuwanci. Tun daga nan aka samu rukuni biyu a gida ɗaya: masu albashi da masu aikin lada.

Yadda aikin taimakon yake

A shekarun farko babu wani sashe na musamman da ke sauraron koke-koke. Masu amfani da manhajar ne ke taimakon junansu.

A 2007 Mozilla ta tattara wannan aiki wuri guda ta kafa shirin da ake kira SUMO a taƙaice, ƙarƙashin jagorancin David Tenser, ɗan ƙasar Sweden, wanda shi kansa da aikin sa-kai ya fara.

Ma'aikatan da kamfanin ke biya a sashen ba su da yawa. Mafi yawan aikin na wuyan masu sa-kai ne, kuma ya kasu kashi-kashi.

Akwai masu rubuta bayanan warware matsaloli da Turanci: abin da mutum zai yi idan manhajar ta yi nauyi, ko ta ƙi buɗewa, ko kalmomin sirrin da ya adana suka ɓace. Wani ya rubuta, wani wanda ya fi shi daɗewa ya duba kafin a wallafa.

Akwai masu fassara waɗannan bayanai zuwa harsunansu. Wannan ne aiki mafi cin rai, domin ba ya ƙarewa. Daga 2011 Firefox ta koma fitar da sabon samfuri duk bayan makonni shida, daga 2020 kuma duk bayan makonni huɗu. Duk lokacin da aka kawar da wani maɓalli daga inda yake, ko aka sauya masa suna, sai an gyara bayanin Turanci, sannan kowace fassara ta zama tsohon yayi har sai an bi ta an sabunta. Harshen da mai fassara ɗaya ne ke riƙe da shi, da zarar ya yi aure, ko ya samu aiki, ko rashin lafiya ta kama shi, sai bayanan harshen su fara lalacewa cikin 'yan watanni.

Akwai kuma masu amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. A 2010 an ƙaddamar da wata runduna mai suna Army of Awesome, wadda ta riƙa bin masu ƙorafi a Twitter tana ba su amsa. Daga baya aikin ya kai ga amsa ƙorafin da masu wayoyin Android ke rubutawa a rumbun manhajoji na Google.

Amfanin waɗannan mutane ga kamfanin ya wuce rage masa kuɗin albashi. Su ne kunnuwansa. Idan ƙorafi iri ɗaya ya fara shigowa daga ƙasashe dabam-dabam bayan fitar sabon samfuri, su ke fara lura, su kuma sanar da injiniyoyi.

An ga misalin irin wannan ambaliya a farkon watan Mayun 2019, lokacin da wata shaidar tsaro ta kamfanin ta ƙare wa'adinta ba tare da an sabunta ta ba, lamarin da ya kashe kusan dukkan ƙananan manhajojin da jama'a ke ɗorawa a kan Firefox a dare ɗaya. Sai da kamfanin ya fito ya nemi afuwa.

Abu ɗaya da mai karatu ya kamata ya riƙe shi ne, Mozilla ta daɗe tana gargaɗin cewa masu taimakonta ba za su taɓa cewa a kira wata lambar waya ko a turo bayanan sirri ba. Duk wanda ya nemi haka da sunan kamfanin, ɗan damfara ne. Dabarar ɗaya ce da ta masu bugo waya su ce daga banki suke, suna neman lambar katin cirar kuɗi.

Tarukan al'umma

Mutanen da suka shekara suna aiki tare ba tare da sun taɓa ganin juna ba, saɓani kan shiga tsakaninsu cikin sauƙi. Rubutu ba ya ɗaukar murmushi, ga bambancin lokaci, ga kuma bambancin al'ada. Wannan ne babban dalilin tarukan.

Wanda aka fi tunawa da shi shi ne na ƙarshen watan Yulin 2008 a Whistler, wani garin shaƙatawa da ke cikin duwatsun yammacin Kanada, inda kimanin mutum 400 suka hallara. An yi shi ne makonni kaɗan bayan Firefox ta 3 ta shiga kundin bajinta na Guinness, sakamakon sauke ta da aka yi fiye da sau miliyan 8 cikin sa'o'i 24.

Ana cikin taron sai dutse ya zaftaro ya toshe babbar hanyar da ta haɗa garin da birnin Vancouver, dole mahalarta suka yi zagaye na sa'o'i da dama a motocin safa kafin su kai filin jirgin sama. An kuma ɗauke wuta a masaukin. Duk da haka a 2010 can aka sake komawa.

A tsakanin waɗannan shekaru an riƙa yin ƙananan taruka na yankuna da ake kira MozCamp: Barcelona a 2008, Prague a 2009, Berlin da Kuala Lumpur a 2011, sai Buenos Aires da Warsaw da Singapore a 2012. A watan Oktoban 2013 aka yi babban taro a birane uku lokaci guda, wato Brussels da Toronto da Santa Clara.

Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga babu birnin Afirka ko ɗaya a ciki.

Daga ƙarshen 2014 salon ya sauya. Kamfanin ya koma tara dukkan ma'aikatansa na mako guda, yana gayyatar zaɓaɓɓun masu sa-kai su shigo ciki. Wato a da taron al'umma ne ma'aikata ke halarta, yanzu kuma ya zama taron ma'aikata ne al'umma ke halarta a matsayin baƙi.

A irin waɗannan zama, masu taimakon jama'a kan gabatar da matsalolin da aka fi kawo musu, su ji abin da ke tafe a sabbin samfura domin su shirya bayanai tun da wuri, su kuma faɗi abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Ga da yawa daga cikinsu, gayyatar ita ce kaɗai ladan da suke gani a zahiri. Ga ɗan Afirka kuwa, gayyata ba ta nufin halarta, domin akwai shingen biza a gaba.

Gidauniyar tana da nata bikin na dabam mai suna MozFest, wanda ƙofarsa a buɗe take ga kowa. An fara shi a Barcelona a 2010, ya zauna a London daga 2011 zuwa 2019. Sai a 2023 wani reshensa ya sauka a Nairobi, a 2024 kuma a Lusaka.

Ba Mozilla kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Microsoft ya fara karrama masu taimakon jama'a kyauta tun 1993, Google ma ya fara tara nasa a 2011. Bambancin shi ne waɗancan kamfanoni ne masu neman riba ƙarara, ita kuwa Mozilla tana kiran mutane ne da sunan wata manufa: cewa intanet dukiyar kowa ce.

Inda gizo ke saƙa

Mafi yawan kuɗin shigar Mozilla, fiye da kashi 80 cikin 100 a shekaru da dama, yana fitowa ne daga kamfanonin bincike a intanet, musamman Google, wanda ke biya domin a sa shi a gaba a cikin Firefox. Google ɗin kuma shi ne mai Chrome, manhajar da ta fito a 2008 ta kuma janye mafi yawan jama'ar Firefox.

Alƙaluman StatCounter sun nuna cewa Firefox ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na kasuwar duniya a wajejen 2009, amma daga baya ta faɗo ƙasa da kashi 5.

A watan Agustan 2020 kamfanin ya sallami ma'aikata kimanin 250, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. A watan Nuwamban 2024 gidauniyar ma ta rage kashi 30 cikin 100 na nata.

Saɓani mafi zafi tsakanin kamfanin da masu sa-kai a baya-bayan nan ya taso ne a watan Nuwamban 2025. Mozilla ta shigo da wata na'urar fassara da ke sabunta bayanan taimako da kanta. Jagoran masu fassarar Japananci, wanda ya shafe fiye da shekaru 20 a aikin, ya sanar da cewa ya ajiye, kuma rukuninsu ya kawo ƙarshe. Ƙorafinsa shi ne na'urar na rubutu a kan aikin da mutane suka yi, ba ta bin ƙa'idojin fassarar da suka shimfiɗa, kuma ba a nemi yardarsu ba.

Kamfanin na da hujjarsa, domin fassarar na'ura ta fi bayanin da ya tsufa ko wanda babu shi sam. Sai dai aikin gayya ba ya yiwuwa idan mai gona ya shigo da tarakta ta bi ta kan kunyoyin da 'yan gayya suka gama, ba tare da ko sallama ba.

Wa ke wannan aiki a bakin iyaka?

A Jibiya da ƙauyukanta irin su Riko, intanet a waya take, ba a kwamfuta ba. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a a arewacin Najeriya su ne Tecno da Itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion na China, kuma Chrome da Opera Mini ne suka fi karɓuwa a ƙasar. Firefox baƙuwa ce.

Mozilla ta taɓa yunƙurin shigowa yankin ta ƙofar Nijar. A 2015 kamfanin sadarwa na Orange ya sanar da wata waya mai araha mai suna Klif, wadda ke aiki da manhajar Firefox OS, ya kuma lissafa Nijar cikin ƙasashe 13 da zai sayar da ita. Kafin shekarar ta ƙare Mozilla ta ce ta daina harkar wayoyin. Shi ma Orange ya sayar da reshensa na Nijar a 2019, wanda ya koma Zamani.

Amma da yake rubutun manhajar a buɗe yake, wasu sun ɗauka suka gina KaiOS a kansa, wadda ta shigo Najeriya a cikin ƙananan wayoyi masu maɓallai da MTN ya sayar.

Wanda wayarsa ta rikice a wannan yanki, ba kamfani yake nema ba. Wurin mai cajin waya yake zuwa, ko mai tura fina-finai da karatu, ko wani ɗalibi a unguwa. Idan abin ya fi ƙarfinsu a tafi Katsina ko Maraɗi, idan ya gagara a aika kasuwar Farm Centre da ke Kano.

Waɗannan su ne ainihin sashen taimakon jama'a na kowane kamfanin manhaja a ƙasar Hausa, ko da yake babu kamfanin da ya san da zamansu. Su ke buɗe wa mutum adireshin Gmail, su ɗora masa WhatsApp, su dawo masa da lambobin da suka ɓace. Sau da yawa kuma su ke zaɓa masa kalmar sirri, wani lokaci ma su kaɗai suka san ta. Haɗarin da ke cikin wannan a bayyane yake, musamman yanzu da asusun banki ya koma cikin waya.

A bakin iyaka akwai ƙarin wahala. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Magama da Ɗan Isa kan riƙe layi biyu, na Najeriya da na Nijar. Wayar da aka saya a Maraɗi kan zo da Faransanci, ta Katsina kuma da Turanci, alhali mai wayar da mai gyaran duk Hausa suke yi.

Kuma taimakon da ke zaune a intanet ba ya isa ga wanda aka yanke wa layi. A watan Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse hanyoyin sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Jibiya, saboda matsalar 'yan bindiga. Sai a watan Disamba aka ba da umarnin maido da su.

Matsayin Hausa

Ana fitar da Firefox ta kwamfuta da harsuna fiye da 90. A cikinsu akwai Fulatanci, akwai Songhai, ɗan'uwan Zabarmanci, akwai Acholi na arewacin Uganda, akwai Xhosa na Afirka ta Kudu, da kuma Kabyle na Aljeriya. Hausa, mai masu magana fiye da miliyan 50, ba ta cikin jerin.

Dalilin ba boyayye ba ne. A tsarin Mozilla, yawan masu magana ba shi ke shigar da harshe ba. Abin da ke shigar da shi shi ne samun wasu mutane ƙalilan da za su fassara dubban jimloli, sannan su tsaya a kan aikin shekara da shekaru. Songhai ya samu Mohomodou Houssouba, marubuci ɗan ƙasar Mali. Fulatanci ya samu Ibrahima Sarr, shi ya sa ma fassarar ta karkata ga karin Pulaar na yankin kogin Senegal, wanda Bafulatanin Adamawa ko Sakkwato zai ji shi da ɗan bambanci.

Inda Hausa ta shiga manyan manhajoji, galibi kamfanoni ne suka ga kasuwa suka ɗauki nauyi. Microsoft ya fitar da Windows 7 da Hausa, Google ya saka ta a manhajarsa ta fassara a watan Disamban 2013, Facebook kuma a 2016.

Duk rukunin da zai ɗauki aikin fassarar Hausa zai ci karo da tambayar da iyakar Jibiya ke ɗauke da ita. Hausar Najeriya ta ari kalmominta na zamani daga Turanci, ta Nijar daga Faransanci: nan a ce biro, can a ce bik, nan makarantar boko, can lakwal. Hatta rubutun ya ɗan bambanta, domin abin da Najeriya ke rubutawa 'y, Nijar na rubuta shi ƴ. Masu Japananci sun yi shekaru suna daidaita irin waɗannan ƙa'idoji a tsakaninsu. Na'urar fassara ba ta yanke irin wannan hukunci; abin da ta fi cin karo da shi a rubuce shi take maimaitawa.

Wurin da Hausa ta samu shiga a ayyukan Mozilla shi ne Common Voice, shirin tattara muryoyi da aka fara a 2017 domin koya wa na'urori fahimtar maganar ɗan Adam. Hausa na cikin harsuna 16 da aka ƙara a tarin da aka fitar a tsakiyar 2021. Ga mutanen da ba sa karanta boko, waɗanda saƙon murya ne hanyarsu a WhatsApp, wannan ya fi fassarar maɓallai kusa da buƙatarsu.

Shi ma aikin na sa-kai ne, ana kuma iya yin sa da wayar hannu. Wasu su kawo jimlolin da babu haƙƙin mallakar kowa a kansu, wasu su karanta su da murya, wasu kuma su saurara su tantance. Ba a karɓar muryar da aka naɗa a matsayin ingantacciya sai mutum biyu sun saurara sun amince cewa abin da aka faɗa shi ne abin da ke rubuce.